Girkin da Aka Yi wa Vern Koskela

Shekarar Marlys Rustad sittin da ɗaya. Tana da miji, da 'ya'ya biyu da suka daɗe da barin gida, kuma shekara ashirin da shida ke nan tana sayar da ƙusa da fenti da irin shuka a kantin kayan gini na Elgard, garinmu mai mutum dubu da ɗari ɗaya a arewacin jihar Minnesota ta Amurka. Har zuwa watan jiya, ita ce ke riƙe da jerin abincin marasa lafiya, kuma tana cikin mutum biyun da ke kula da zauren garin a Facebook.

Jerin abincin littafi ne mai koren bango. Idan wani ya kwanta, ko aka yi masa aiki, ko aka yi rasuwa a gidansa, Marlys ce ke buɗe shafi ta ja layi goma sha huɗu, mako biyu ke nan. Kowa ya ɗauki rana, ya dafa, ya kai. A gindin kowane kwano akwai salatif da sunan mai shi, domin kwano ba ya wuce mako a gidan wani. A wanke shi, a mayar, da 'yar takardar godiya a ciki. Shekara goma sha tara littafin yana hannunta. Ita ce ma ta yi ta naci, da murmushinta, har dattawan coci suka yarda cewa jerin ba ya tambayar ko mutum yana zuwa sujada ko ba ya zuwa.

Dokar zauren ma ita ta rubuta. Layin farko ya ce kowa ya shigo da sunansa na gaskiya.

Da sunanta na gaskiya, abin da Marlys ke sawa a zauren bai wuce hoton furen ƙofar gidanta, da cigiyar karen da ya ɓata, da taya wani murnar jika ba. A Elgard, idan abu bai yi wa mutum daɗi ba, iyakar abin da zai ce shi ne, "To, wannan daban ne." Idan ya yi masa daɗi ƙwarai, sai ya ce, "Ba laifi." Marlys ba ta taɓa ƙetare waɗannan biyun ba a gaban mutane.

Shekara uku da suka wuce, cikin sanyi, majalisar gari ta kawo shawarar rufe ɗakin jin ɗumi da ke gefen filin da yara ke zamiya a kan ƙanƙara. Mai kantin da Marlys ke wa aiki ɗan majalisa ne, kuma shi ya kawo shawarar. Sau uku tana rubuta ra'ayinta a zauren tana gogewa. A rana ta huɗu, lokacin hutun cin abincin rana, ta zauna cikin motarta a bayan kantin ta buɗe sabon shafi a Facebook da sunan Vern Koskela. Sunan Vern na wani kawunta ne da ya rasu. Koskela kuwa a jikin akwatin wasiƙu ta taɓa gani a hanyar Duluth. A wurin hoto ta sa wani ƙaton kifi a hannun mutum, ba fuska. Ta rubuta cewa tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, yana zaune shi kaɗai a hanyar tafki. Ta nemi izinin shiga zauren, ta koma shafinta na gaskiya, ta ba kanta izini.

Abin da Vern ya fara rubutawa gajere ne. "Majalisa tana da halin rataya furannin roba a kan titi amma ba ta da halin ɗumama ɗaki ɗaya. Yara suna jin sanyi. Furen roba ba ya ji."

Mutum ɗari biyu da wani abu suka nuna goyon baya. Ba a rufe ɗakin ba.

"Da a nan na tsaya, da ba ka zo gidana da littafin rubutu ba," in ji ta, ranar da muka zauna a kicin ɗinta ina rubuta wannan labarin. Tana magana ne idonta yana kan tebur.

Ba ta tsaya ba. Vern ya yi magana kan ramukan titin makaranta, aka cike su. Ya yi magana kan masu barin ƙanƙara a gaban gidansu har tsofaffi su faɗi. Daga nan ya koma kan abubuwan da ba su shafi majalisa ba: waƙoƙin da ake zaɓa a bikin gari, launin da wani ya shafa wa gidansa, mazan da ke wuni a gidan abinci a kan kofin gahawa ɗaya. Wasu suka tsane shi, da yawa suka so shi. Hanyar tafki tana da gidajen katako sama da tamanin, yawancinsu na baƙi masu zuwa hutu, don haka ba wanda ya yi mamakin rashin saninsa. Wani lokaci ma Marlys kan shiga da sunanta ta yi masa faɗa a hankali: "Haba Vern, a riƙa sassautawa." Sai Vern ya amsa, "Na ji, uwar gari."

Babban masoyin Vern a ɗaki ɗaya suke kwana da ita. Mijinta Duane ya yi shekara talatin yana tuƙa motar kai gas gida-gida kafin ya yi ritaya, kuma kowace safiya shi ke karanta mata rubutun Vern da ƙarfi, gilashi a kan hanci.

"Ji wannan, ji wannan! Kai, mutumin nan ba dama. Shi kaɗai ne mai baki a garin nan, mu duk bebaye ne."

"Gahawarka za ta huce."

"Abin da ke ɗaure mini kai, ba gidan da ban kai wa gas ba a hanyar nan, amma ban san wani Koskela ba."

"Wataƙila da itace yake ɗumama ɗaki."

"Haka ne fa. Irinsu ba sa yarda da gas."

Gidan abincin da mazan ke wuni na Lorna Bjelland ne. Tun suna aji uku a firamare take ƙawance da Marlys. Ita ta riƙe wa Marlys fure ranar aurenta, Marlys kuma ta kwana uku a gidanta lokacin da mijin Lorna ya rasu. An san gidan abincin da fai ɗin tuffa, wato gasasshen kwaɓin fulawa mai tuffa a ciki, kuma shekara da shekaru akwai allo a taga da ke cewa komai na gida ne, aikin hannu. Gaskiya ne har zuwa shekara huɗu da suka wuce, lokacin da ciwon gaɓɓai ya kama yatsun Lorna har murza kwaɓin fulawa ya gagare ta. Daga nan ta fara sayen kwaɓi murzajje a kwali. Mota na kawowa duk Alhamis da ƙarfe goma ta ƙofar baya. Tuffa da haɗin ciki har yanzu nata ne, amma ba ta sauke allon ba. Ban da direban motar, wanda ba ɗan gari ba ne, mutum biyu kawai suka sani: Kendra, matar ɗan Lorna, wadda ke taya ta aiki a kicin, da Marlys, wadda kan zo ta taya su shigar da kwalayen.

A watan Satumba na bana, Vern ya yi ƙorafi kan motocin da ke toshe hanya a gaban gidan abincin. Lorna ba mai yawan rubutu ba ce, amma ranar ta amsa. "Vern, ƙofata a buɗe take daga shida na safe zuwa biyu na rana. Ka zo ka faɗa mini a gabana, gahawarka kyauta. Sai dai matsoracin da ya ɓuya a bayan kifi ba zai zo ba."

Mutum ɗari da arba'in suka sa alamar dariya. Marlys tana cikin motarta a bayan kanti lokacin da ta gani. Ta ce fuskarta ta yi zafi kamar an mare ta. Minti huɗu ne tsakanin rubutun Lorna da amsar Vern, lokacin yana nan a rubuce ga duk wanda ya adana hoton.

"Tunda maganar ɓuya ake yi, a tambayi me ke ɓoye cikin kwalayen da ke shiga ta ƙofar baya duk Alhamis. Aikin hannu ne, gaskiya. Hannun wani ne a kamfani."

Ta goge shi bayan minti ashirin. Kafin nan rabin gari ya karanta.

Ba a daina zuwa gidan abincin ba. Mutanenmu ba sa yin haka. Sai dai mutum ya ci fai ɗinsa, ya ajiye cokali, ya ce, "To, wannan daban ne." Lorna ta sauke allon da kanta a rana ta uku. Da yammacin ranar ta zo gidan Marlys, ta zauna a wannan teburin da muka zauna, ta yi kuka.

"Kendra ce," in ji ta. "Tun bara take damuna in cire allon. Ita ta gaya wa wani, wani ya gaya wa tsohon banzan nan."

Marlys ta zuba mata gahawa. Ta ce, "Ai ba a sani ba."

"Wa kuma? Ke?" Lorna ta yi dariya cikin hawaye. "Ke da ko ƙuda ya faɗa miki a miya sai kin ba shi haƙuri?"

Washegari Lorna ta tuhumi Kendra a kicin. Kendra ta cire rigar aikinta, ta rataye, ta fita. Ɗan Lorna ya bi bayan matarsa. Aka daina zuwa cin abincin Lahadi a gidan Lorna, har da jikoki.

Marlys ta yanke shawarar kawo ƙarshen Vern. Da ta goge shafin kawai, da an yi surutu na mako guda an manta. Amma ta ji tsoron kada ɓacewar farat ɗaya ta sa mutane su fara bincike. Kuma, kamar yadda ta faɗa mini da kanta, ta ji bai kamata mutum ya tafi ba sallama ba. A farkon Oktoba Vern ya rubuta cewa likita ya ga wani abu a huhunsa, zai fara karɓar magani, ba za a ƙara jin sa ba, duk wanda ya ɓata wa ya yafe masa.

Macen da ta riƙe koren littafin nan shekara goma sha tara ba ta hango abin da zai biyo baya ba. Kafin ta gama cin abincin ranarta, mutum bakwai sun kira sunanta a ƙarƙashin rubutun. "Marlys, a buɗe wa Vern jeri." "Ba shi da kowa fa." "Ni na ɗauki Laraba." Wata ta tuna mata cewa ita ce ta ce jerin ba ya tambayar mutum cocinsa.

Ta buɗe shafi, ta ja layi goma sha huɗu.

Sai maganar inda za a kai. Vern ya sake fitowa ya ce likita ya hana shi ganin mutane saboda jikinsa ba ƙarfi, amma ya yarda Marlys ita kaɗai ta riƙa ajiyewa a bakin ƙofa. Kowa ya ce wannan daidai ne. Don haka duk yamma bayan ta tashi aiki, sai wata ta miƙo mata kwano mai zafi a naɗe cikin tawul, ita kuma ta kama hanyar tafki domin a ga motarta ta bi can. Mil goma sha ɗaya ne zuwa inda ake sauke kwale-kwale. A nan take tsayawa, ta kashe mota, ta zauna minti goma ƙamshin abincin mutane ya cika motar. Sannan ta juyo.

Ta kasa zubarwa, ta kasa ci. Sai ta riƙa juyewa a leda, ta rubuta sunan mai girkin da ranar, ta tura can ƙasan babbar firizar da ke gareji. Ta wanke kwanon, ta rubuta takardar godiya da hannun hagu, ta mayar.

Sunan farko a jerin na Lorna ne. Ba ta ɗauki rana ta farko ba, ta ce a ba ta Lahadi, tana bukatar lokaci. Ranar Lahadin ta zo da kanta har ƙofar gidan Marlys, riƙe da faranti a rufe. Gaɓoɓin yatsunta sun kumbura sun yi ja.

"Lorna, me kika yi wa hannunki?"

"Awa biyu na yi ina murzawa. Ki gaya masa wannan ba na kwali ba ne."

"Bayan abin da ya yi miki?"

"Ni na fara. Bawan Allah yana fama da ciwo a ƙirji, ni ina ce masa matsoraci a gaban gari. Kuma ai ba ƙarya ya yi ba." Ta miƙa farantin. "Riƙe da kyau, kada ki karkata shi, ke da tuƙinki kamar na mai gudun 'yan sanda."

Fai ba ya juyuwa a leda. Haka ya shiga firiza da farantinsa, sunan Lorna a gindi. Duk sauran kwanukan sun koma gidajensu, ban da shi. Sau biyu Lorna tana tambaya ko Vern ya ci. Marlys ta ce yana ci kaɗan-kaɗan.

Farkon Nuwamba ake buɗe farautar barewa, ranar Asabar. Kwana biyu kafin ranar, da hantsi, Duane ya shiga gareji don ya sama wa nama wuri a firiza.

"Marlys! Zo nan. Wa ya mutu ban ji ba?"

Ta same shi ya jera ledoji goma sha uku a kan teburin aikinsa, yana karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan na matar fasto, Talata. Wannan na Bev. Ke, ba abincin Vern ba ne wannan? Ko mutumin ya koma cin iska?"

"Babu Vern."

"Allah sarki. Yaushe?"

"Bai mutu ba, Duane. Babu shi. Ba a taɓa yin sa ba. Ni ce."

Ya kalle ta, ya kalli ledojin. Ya jawo bokitin fenti ya zauna a kai.

"Ɗakin jin ɗumi?"

"Ni ce."

"Ramukan titi?"

"Ni."

"Wanda ya ce mazan da ke wuni a kan kofi ɗaya su riƙa zuwa da katifarsu?"

"Ni ce."

"Ina cikinsu fa, Marlys."

"Na sani."

"Da bakina na karanta miki, ina dariya har da buga tebur! Itace, wai. Da itace yake ɗumama ɗaki!" Ya fara dariya, sai ya daina. Ya leƙa cikin firizar, ya ga farantin da ya rage. Ya ɗaga shi, ya duba gindi, ya mayar a hankali. "Kendra fa?"

Ta fara tattara ledojin daga kan teburin.

"Shekara talatin da takwas muna tare," in ji shi. "Ni ba zan gaya wa kowa ba, ba maganata ba ce. Amma ranar Asabar ina bukatar firizata."

Washegari da ƙarfe biyu da rabi, bayan an rufe gidan abincin, Marlys ta shiga ta ƙofar baya da farantin a hannu, sanyinsa yana ratsa tawul. Lorna tana goge kantar gidan abincin, kujeru duk an kife su a kan tebura.

"Bai ci ba?"

"Babu mai ci."

Ta faɗa mata a tsaye, daga ɗakin jin ɗumi har zuwa hannun hagu. Ba ta kai minti uku ba. Lorna ba ta daina goge wuri ɗaya ba.

"Mil ashirin da biyu kullum. Gidan wa kike zuwa?"

"Bakin ruwa nake zama."

"Da kwanon mutane a kujerar baya."

"E."

"Na zauna a kicin ɗinki ina kuka, kika zuba mini gahawa."

"E."

"Na kira sunan yarinyar nan, kika ce ba a sani ba."

"E."

"Me na yi miki, Marlys?"

"Kin ce masa matsoraci."

"Na ce wa wa?"

Marlys ta ajiye farantin a kan kantar.

Lorna ta ajiye tsumman. Ta tura farantin da yatsa ɗaya har ya koma gaban Marlys.

"Ɗauki kayanki. Ba a mayar da faranti da abinci a ciki, ke kika koya wa rabin garin nan haka. Awa biyu na yi a kansa da hannuwan nan. Ki je ki ci, sannan ki kawo mini farantina. Kafin nan ki wuce gidan Kendra. Yau, ba gobe ba."

Ta je. Kendra ba ta ce ta shigo ba, a bakin ƙofa ta saurare ta, hannu a naɗe a ƙirji.

"To, na gode da kika faɗa," in ji Kendra. "Mako takwas ke nan 'ya'yana ba su ci abinci a gidan kakarsu ba. Abin haushin ma, ni da Vern ɗin naki ra'ayinmu ɗaya a kan allon nan. Sai dai ni a kicin na faɗa mata, tana kallona ina kallonta."

Da yammacin ranar Marlys ta rubuta layi shida a zauren, da sunanta. Ta ce ita ce Vern Koskela tun farko, ba shi da ciwo domin babu shi, Kendra Bjelland ba ta gaya wa kowa komai ba, abincin da aka dafa yana nan za ta mayar wa kowa nasa, ta sauka daga kula da zauren, kuma ta miƙa koren littafin ga matar fasto. Ta goge shafin mai hoton kifi.

An yi sharhi sama da ɗari uku. Wasu sun yi fushi, musamman waɗanda suka yi wa Vern addu'a a coci da sunansa. Wasu sun mai da abin wasa. Mai kantin bai kore ta ba, amma kwana goma bai ce mata komai ba sai abin da ya shafi fenti. Abin da ya fi tsaya mata a rai, in ji ta, ba zagin ba ne. Wani dattijo ne da ya rubuta, ba da mugun nufi ba, cewa shi dai a dawo masa da Vern, domin Vern ya cike ramukan titi, ita kuwa shekara nawa sai hoton fure.

Ta zaga gida goma sha uku da ledojin cikin akwatin sanyi. Tara sun karɓa ba su ce komai ba. Uku sun ce ta kai wa wanda ba shi da lafiya da gaske. Ɗaya ba ta buɗe ƙofa ba, ko da yake motarta tana waje.

Na tambaye ta wanne ne ita a cikin biyun, mai furen ko mai kifin.

"Da zan iya cewa wani ne ya shiga jikina, da na ji sauƙi," in ji ta. "Duk abin da Vern ya faɗa ya daɗe a bakina. Masu kyan da marasa kyan. Na ba shi masu amfanin, aka yaba masa. Na ba shi na muguntar, Kendra ta ɗauka. Ni kuma ina gefe ina zuba gahawa."

Fai ɗin ya ƙara mako uku a firiza, naman barewa kewaye da shi. Duane bai taɓa shi ba, bai kuma yi maganarsa ba. Ranar Lahadin da ta wuce, bayan sun dawo coci, inda yanzu suke zama a layin baya, ta fito da shi ta sa a tanda. Ta yanka, ta ci yanka biyu. Duane ya taya ta da sauran zuwa washegari. Ta wanke farantin a hankali don kada ruwa ya ɗaye salatif ɗin.

Ranar Talata da safe ta shiga gidan abincin ta ƙofar gaba. Akwai sabon allo a taga, da rubutun Lorna: tuffa tamu ce, kwaɓi na saye ne. Mazan gahawa suna teburinsu, Duane a cikinsu, kuma hira ta tsaya cak. Ta ɗora farantin a kan kantar, a gaban Lorna. Lorna ta juya shi ta duba sunanta, ta leƙa ciki. Akwai takardar godiya, da rubutun hannun dama. Ba ta buɗe ba, ta sa a aljihu.

"Ya kwaɓin?"

"Ba laifi."

"Ba wannan na tambaye ki ba. Wancan mai bakin ba ya nan, saura ke. Ya kwaɓin?"

Marlys ta ce ta ji duk idon da ke ɗakin a bayan wuyanta.

"Ya yi tauri a gefe. Duane ya kusa barin haƙori."

"Kada ki sa ni a ciki!" in ji Duane daga teburinsu.

"Na sani ya yi tauri," in ji Lorna. "Shi ya sa nake sayen na kwali." Ta ɗora farantin a kan 'yan'uwansa. Tulun gahawa yana kusa da hannunta, ba ta ɗauka ba, ba ta kuma ce Marlys ta zauna ba. Sai da Marlys ta kai bakin ƙofa sannan ta yi magana, ba tare da ta ɗago ba. "Yaran sun zo ranar Lahadi. Uwarsu ta ce sai ta yi tunani kafin ta dawo aiki. Motar kwalaye tana zuwa Alhamis ƙarfe goma."

Jiya Alhamis Marlys ta nemi a ba ta hutun ranarta da wuri. Ta je ƙofar baya ƙarfe goma saura biyar, ta shigar da kwali shida, Lorna tana riƙe da ƙofa. Ba su yi maganar komai ba sai ƙanƙarar da ta daskare a kan matakala. Marlys ta ce za ta kawo gishirin narkar da ita daga kanti. Ƙarfe goma da rabi ta koma bakin aikinta, ta auna buhu ɗaya na gishirin, ta ajiye shi kusa da jakarta.